Birekar da Gilman Ya Goge wa Baki

A garuruwan bakin kogin Saint John, can arewacin jihar Maine, duk wanda wutar gidansa ta ɗauke, sunan Gilman Cyr ne ke fara zuwa bakinsa. Ɗan manomin dankali ne, amma gona ba ta karɓe shi ba. Tun yana saurayi ya bi wani tsohon mai aikin lantarki, ya koyi jan waya a rumbunan dankali. Da maigidan ya rasu, abu biyu ya bar masa: mitar awon wuta mai allura, da bokiti cike da tsofaffin bireka.

Bireka ita ce 'yar makunnin nan ta cikin akwatin wutar gida, wadda ke faɗuwa da kanta idan kaya sun yi wa waya yawa. Kowane kamfani da irin tasa, kuma a rubuce yake a murfin akwati cewa kada a sa ta wani. Gilman bai taɓa ɗaukar rubutun nan da nauyi ba. In ya rasa irin wadda ake so, sai ya lalubi bokiti, ya ɗauko mai kama da ita, ya goge mata baki da magagari har ta shiga. Kanti da nisa, sanyi kuma ba ya jiran kowa. Mutane sun sha sa masa albarka a kan haka.

Mitar kuwa, ko marigayiya matarsa ba ta isa ta taɓa ta ba. Abokan sana'arsa kan aika tasu a gwada musu lokaci-lokaci, shi bai taɓa aikawa ba. A mota take kwana cikin sanyi, ta faɗo daga tsani ba sau ɗaya ba. In an yi masa magana sai ya ce, "Ni da ita mun san halin juna."

Yana da 'yar'uwa guda, yayarsa Jeannine, wadda ke zaune ita kaɗai a gidan mahaifinsu. Ƙurar rumbun dankali da taba sun cinye mata huhu, sai da injin da ke hura mata iska ta hanci take numfashi. A tsakiyar wani hunturu birekar ɗakinta ta fara faɗuwa, kuma duk faɗuwa injin tsayawa yake yi. Ran wata Asabar da rana ta kira shi, ya ratsa ƙanƙara ya zo.

"Auta, sai yanzu? Da ka bari na mutu, ka zo ka gyara wa gawa wuta."

"Haba Yaya, ai ke mutuwa ma tsoron bakinki take ji."

"Rufe min baki ka sauka ƙasa. Tun safe nake haki kamar kifin da aka jefo tudu."

Ya dubi ɗakin. Ga injin iska, ga hitar ɗumama ɗaki, ga bargon lantarki, ga butar shayi ta lantarki, duk a layi ɗaya. Ya sauka ɗakin ƙasa inda akwatin wutar yake, ya maƙala mitarsa a wayar. Allura ta tashi a hankali, ta tsaya nesa da iyaka. Ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ba ta motsa ba.

Ya ɗaga murya ya ce, "Kaya ba su yi yawa ba! Birekar ce ta tsufa, kamar mai gidan."

"Ubanka ne ya tsufa!"

"Ai ubanmu ɗaya, Yaya."

Ba shi da irin birekar a mota, kantin da ke sayar da ita kuma sai Litinin. Yana jin tarinta ta saman katako. Ya jawo bokiti, ya zaɓi wata ta wani kamfani, ya goge mata baki, ya danna ta da babban yatsa. Ta shiga, sai dai ta ɗan yi sako-sako. Ya kunna komai na ɗakin, ya jira, ba ta faɗi ba. Suka ci miyar kaza da waina tare, tana yi masa tsiyar gashinsa da ya zube. Ya yi niyyar sayo ta ainihi ran Litinin. Da Litinin ta zo wuta lafiya lau, aiki kuma ya yi masa yawa.

Bayan 'yan makonni, ran Lahadi da hantsi yana coci, akwatin ya kama da wuta. Inda bakin birekar bai damƙi ƙarfen akwati da kyau ba, nan zafi ya yi ta taruwa har roba ta narke. Wata maƙwabciya ce ta hango hayaƙi. 'Yan kwana-kwana sun fito da Jeannine ta taga, gidan ma bai rushe ba, amma ta riga ta shaƙi abin da huhunta ba zai iya ɗauka ba.

Sufeton da ta zo bincike, Lise Daigle, a gabansa ta girma. Ta miƙa masa ƙonanniyar birekar, shatin magagari na nan a bakinta.

"Baba Gilman, aikin wa ye wannan?"

"Nawa ne."

"Ka auna layin kafin ka canza?"

"Na auna. Bai kai iyaka ba."

Sai ta ce ya ɗauko mitar. Suka shiga gidan maƙwabciyar, suka maƙala tata da tasa a waya ɗaya. Tata ta nuna abin da ke gudu a wayar, allurarsa ta tsaya can baya. Ya ƙwanƙwasa gilashi kamar yadda ya saba. Ashe tsohuwar birekar gaskiya take faɗa, kaya ne suka yi yawa, shi kuma ya cire ta.

"Tun yaushe take haka?"

"Ba mai iya sani, Baba. Wataƙila bara. Wataƙila tun ban shiga makaranta ba."

A asibiti ya gaya wa Jeannine komai, bai rage ba. Ta daɗe tana tara numfashi kafin ta janye robar iskar da aka rufe mata baki da ita.

"Gida nawa ka yi wa irin wannan?"

Ya fara ƙirgawa, lissafin ya ɓace masa.

"To me kake zaune kana kallona? Tashi ka je, sakarai."

Ta rasu kafin ƙanƙarar kogi ta narke. Hukuma ta karɓe masa lasin, bai yi gardama ba.

Tun daga nan Gilman ke bin gidaje. Ba shi da ikon taɓa waya, roƙo kawai yake a buɗe masa akwati ya leƙa, in ya ga shatin magagarinsa ya ce a kira wani ya canza. Wasu kan buɗe, har su ba shi kofi. Wasu su ce wutarsu ba ta taɓa ba su matsala ba, su tura ƙofa. Wasu gidajen an sayar wa baƙi da ba su san shi ba. Bai taɓa rubuta inda ya yi aiki ba, ƙwaƙwalwa kuma ta fara yi masa gardama, har akwai titin da yakan tsaya ya rasa ko gidan dama ne ko na hagu.

Da hunturu za ka ga motarsa tana tafe a hankali, shi kuma idonsa na kan rufin gidaje. Duk inda ya hango hayaƙi sai ya taka birki, ba ya wucewa sai ya tabbata daga bututun murhu yake fita.