Fensirin Baba Mai Famfo

Shekara ashirin da shida ta yi a bayan tebur guda, a ɗakin karatun jama'a da ke saman gidan waya. Sunanta na gaskiya sai a takardun ofis. Yara da manya, har mijinta in yana jin tsokana, Anti Mai Kati suke ce mata.

Katin kuwa ga yadda yake. Kowane littafi yana da ɗan aljihun takarda manne a cikin bangonsa na baya, da kati a ciki. In ka zo aro, sai ta zare katin, ta rubuta sunanka da lambarka, ta buga hatimin ranar dawowa, ta jera shi a durowa. Ƙa'ida ta ce in kati ya cika a yaga a sa sabo. Ita ba ta taɓa yaga ko ɗaya ba. Ɗaure su take da zare, ta shirya a kwali, kwali kan kwali har sun kusa taɓa silin. In ka tambaye ta wa ya ari littafin kiwon zuma shekara goma sha biyar da suka wuce, kafin ka gyara zama ta ciro maka shi. Da wannan take taƙama.

Halinta na biyu shi ne magogi. Duk littafin da ya dawo sai ta bi shi shafi-shafi. Ko ɗigon fensir ta gani sai ta goge, ta hure, ta shafe da gefen hannu. Ba ta da mugunta, amma ba ta da wasa a kan littafi.

A shekarar da bam ya tashi a babbar tashar mota, gwamnati ta ce za ta bi masu laifi har ɗakin uwarsu. Aka kwashi 'ya'yan mutane aka tura su yaƙi tsallaken iyaka. Aka ce wata shida za a yi. Ana cikin shekara ta huɗu ba a daina cewa an kusa ba. Majalisa kuwa cikin kwana uku ta amince da dokar tsaro mai shafi ɗari biyu, wadda rabin 'yan majalisar ko buɗe ta ba su yi ba. Dokar ta ce a iya tsare mutum kwana casa'in ba tuhuma ba kotu, in sun ƙare a sake sabon lale. A saurari wayar kowa. A karɓi takardun kowace ma'aikata, wanda aka karɓa a hannunsa kuma ya kama bakinsa ko ya sha ɗauri.

Anti Mai Kati sau biyu ta jefa wa gwamnatin nan ƙuri'a. In wani ya yi ƙorafi a gabanta sai ta ce, “Wanda bai ɗauki kayan kowa ba, me zai sa ya ji tsoron a buɗe jakarsa?” Da zuciya ɗaya take faɗa. Haka mutane da yawa suka riƙa faɗa, har ranar da aka zo kan tasu jakar.

Cikin masu zuwa aro akwai wani dattijo da ake kira Baba Mai Famfo. Shekara talatin ya yi a hukumar ruwa yana gyaran injinan tura ruwa kafin ya yi ritaya. Littattafan madatsun ruwa da na bututu yake ara, wai hannu ne ya yi ritaya, kai bai yi ba. Autansa soja ne, yana can wurin yaƙin. Duk sanda yaron ya samu ya bugo waya ya ambaci sunan wani gari, washegari Baba zai hawo matakala yana haki, ya nemi babban littafin taswira. Littafin nan ba a fita da shi, amma ta tausaya masa tana ba shi ya je gida ya nuna wa matarsa. Sau goma sha ɗaya sunansa ya hau katin.

Kuma duk dawowa sai an yi faɗa, domin Baba ba ya rabo da fensir a bayan kunne. Zai zagaye garin, ya ja layi, ya yi ɗan rubutu a gefe.

“Baba, ka sake ɓata littafin gwamnati.”

“'Yata, gwamnati ta ari ɗana sukutum, ko kati ba ta cike ba, balle ta buga ranar dawowa. Ni don ɗan fensir?”

“Ni dai ba ruwana, gogewa zan yi.”

“Goge mana. Ke da magogin nan, ranar da aka ba ki zanen fuskata ma sai kin goge.”

Sai ta yi dariya, ta goge, ta hure.

Wata safiya mutum biyu suka shigo cikin kayan gida, takalmansu iri ɗaya. Suka nuna shaidar jami'an tsaro, suka ajiye takarda. Suna son katunan duk littattafan taswira, da na madatsun ruwa, da na wutar lantarki, da na haɗa sinadarai, na shekara biyar. Babban cikinsu ya ce sun san da wuya a samu, sauran wuraren da suka je duk an yaga.

Maganar nan ce ta kayar da ita. “An yaga? A can dai,” in ji ta. “Nan ko na shekara ashirin kuke so akwai.” Ta hau kujera da kanta ta sauko da kwalaye. Har shayi ta sa aka kawo musu.

Ƙaramin ya ɗauko babban littafin taswira ya buɗe yana juyawa, sai ya tsaya. Ya shafa shafin da yatsa. “Nan an yi zane an goge. Ga gada, ga wata gadar. Wa ya yi?”

“Ai Baba Mai Famfo ne,” ta ce tana murmushi. “Kullum faɗanmu kenan. Shi ya zana, ni in goge.”

“Wane aiki yake yi?”

“Tsohon ma'aikacin ruwa ne. Ba bututun da bai sani ba a garin nan.”

Suka dubi juna. Sai a lokacin ta gane abin da ta yi. Ta fara cewa ɗansa fa soja ne, babban ya ɗaga mata hannu, ya ce za a bincika. Suka sa littafin a leda, suka kwashi kwalaye bakwai, suka miƙa mata takarda ta sa hannu cewa ba wanda ya zo, ba abin da aka ɗauka.

Bayan kwana biyu aka ɗauke Baba a ƙofar gidansa, yana tsugune yana gyara wa maƙwabci famfo. Masu hankalin gwamnati sun haɗa taswira da madatsar ruwa da zanen da aka goge, sun samu ɗan ta'adda mai shekara sittin da takwas da ciwon gwiwa. An bar jaki ana dukan taiki, kuma da sunan kare jama'a ake yi.

Matarsa, wadda kowa ke kira Mama, ta zaga ofisoshin 'yan sanda huɗu. Ko'ina amsa ɗaya ce: ba ya nan, ba su san da shi ba. Ta hawo ɗakin karatu ta zauna a benci tana maida numfashi.

“Anti, ke ce mai ilimi. Me tsohon nan ya yi? Nan da masallaci kaɗai yake zuwa.”

Anti Mai Kati ta dubi hatimin da ke hannunta. Ta ce, “Sai haƙuri, Mama. Allah zai bayyana.”

Ta san dalili, ta san maganar da za ta iya fito da shi, ta yi shiru. Da ta gaya wa mijinta a gida, cewa ya yi, “Ke, saura shekara biyu ki yi ritaya. Kin sa hannu. In ba shi da laifi ai za su sake shi.” Ta ce, “Haka ni ma nake cewa da.” Ya ce, “To?” Kwana arba'in da ɗaya tana buga hatimi, abinci ba ya wuce mata, duk littafin da ta buɗe da magogi a hannu sai ta rufe.

Rana ta arba'in da biyu Mama ta dawo da ambulan. Idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, ta ce a karanta mata, ko labarin tsohon ne. Daga rundunar soja takardar ta fito. Layi biyar ne. Ɗanta ya rasu a bakin aiki, an binne shi a can da girmamawa, ƙasa tana godiya. Saboda dalilan tsaro ba za a bayyana wurin ba.

Anti Mai Kati ta karanta da ƙarfi har ƙarshe, don ba ta san yadda za ta tsaya ba. Mama ba ta yi ihu ba. Ta ce, “To wa zai gaya wa ubansa?”

Nan Anti Mai Kati ta ajiye hatimi. Ta rufe ɗakin karatu da rana tsaka, abin da ba ta taɓa yi ba, ta durƙusa a gaban matar ta ce, “Mama, ni ce. Ni na ba da sunansa.” Ta zayyana komai, har shayin ba ta ɓoye ba. Mama ta dube ta. Sannan ta ce, “Tashi, gwiwarki ba za ta fito da shi ba. In kin san hanya mu je.”

Suka je wurin wani tsohon lauya da ake wa laƙabi da Ban-Yarda-Ba, wanda ofishinsa ɗaki ɗaya ne da fanka mai ƙara. Ya saurara, ya cire tabarau. “Baiwar Allah, kin san in kika maimaita wannan a gaban alƙali aikinki ya tafi? Ƙila ma ki bi shi ciki.”

“Na sani.”

“Kuma kin goge rubutun. Da me za mu nuna abin da ya rubuta?”

“Lauya, fensirinsa na masu gyara ne, dannawa yake kamar yana zana ƙarfe. Baƙin na goge, sawun yana nan. A kawo littafin kawai.”

Sai da kwana casa'in suka cika, aka sabunta tsarewar, sannan lauya ya samu aka saurare su. Ɗaki ne a rufe, ba 'yan jarida, ba Mama, shi kansa Baban ba a kawo shi ba. Lauyan gwamnati ya ce an goge alamomin ne don a ɓoye shiri. Aka fito da littafin daga leda. Anti Mai Kati ta roƙa a bar ta ta matsa kusa da taga. Ta buɗe shafi na arba'in da shida, ta karkata shi yadda hasken rana zai kwanta a kansa, kamar yadda take yi in tana duba ko gogewa ta fita. Sawun ya taso, ta fara karantawa.

“Nan Auta ya ce akwai sanyi. Nan ya yi mura. Nan ya ce a gaida uwarsa. Wannan gadar suka tsallaka, Allah Ya kiyaye.”

Alƙali ya sauko da kansa, ya karkata kai ya duba. Ya koma ya zauna. Ya tambayi lauyan gwamnati ko akwai wata hujja ban da wannan. Lauyan ya ce akwai, amma sirri ce. Alƙali ya ce to ya ji.

Duk da haka sai da aka ƙara mako biyu. Ranar kwana ɗari da tara suka sauke Baba a bakin titi da takalmi ƙafa ɗaya. Ba wanda ya ce masa yi haƙuri. Takarda suka ba shi ya sa hannu cewa ba zai yi magana da kowa ba. Ita kuwa tun kafin nan an miƙo mata tata, ta kora daga aiki saboda fallasa sirrin tsaro. Kwalayen bakwai ba su dawo ba har yau, da sunayen mutane a ciki, da abin da kowa ya taɓa karantawa. Labari ya zaga gari. Yanzu sai a wuni ba wanda ya hau matakalar nan, kuma a rediyo ana nan ana cewa an kusa cin nasara.

Ba ta iya zuwa gaishe shi ba. Shi ne ya zo, wata hantsi, yana dogara sanda. Ya rame har hularsa ta yi masa yawa. Ta shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida, ta zauna nesa, kanta a ƙasa.

“Baba, ban san da wane baki zan...”

“Bari, 'yata. Uwar gidana ta gaya min duka, na farko da na ƙarshe. Ba don wannan na zo ba.” Ya yi tari. “Kina da taswira a gida?”

Tana da wani tsohon littafin taswira na makarantar 'ya'yanta. Ta ɗauko ta buɗe masa yankin. Ya kai hannu bayan kunne, ba komai a wurin. Ta shiga ɗaki ta fere fensir ta kawo.

Ya riƙe shi a saman shafin. Ya bi layin da yatsa, gari bayan gari, har zuwa gada ta biyu, inda Auta ya bugo wayar ƙarshe. Daga nan ya tsaya.

“Ba su faɗa miki wurin ba, ke da kika karanta takardar?”

“Ba su faɗa ba, Baba.”

“Ko sunan gari?”

“Ko sunan gari.”

Ya gyaɗa kai. Fensirin ya daɗe yana yawo a sama bai sauka ba. Can ya zagaye gadar, ya danna sosai yadda ya saba, ya rubuta a gefe: Nan na san yana da rai. Ya rufe littafin ya miƙa mata. Ta tura masa shi da hannu biyu, ta ce ya tafi da shi gida ya nuna wa Mama.