Gyaɗar Gwaggo a Utaibiyya

A ajin Turancin da aka sa mu a wurin aiki, malamar ta koya mana yadda Turawa ke faɗin gudun mutum tun daga nesa, wai kamar jirgin ruwa yana kauce wa wani jirgin. Ta ce kowace ta kawo misali. Dariya ta kusa ƙwace mini. Ni za a koya wa gudun mutum? Ni da na shekara biyu ina yi wa Gwaggo!

Gwaggo ƙanwar babana ce, ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata. Tana zama bakin titi a unguwar Utaibiyya, a nan ƙasar Larabawa, da tiren gyaɗa da yaji. Ni kuwa a wani asibiti nake aiki, abokan aikina ba su taɓa jin na yi Hausa ba. In mun taso sai in ja su ɗaya gefen titin, in ce nan rana ta yi yawa. Kunyar a gan ni da ita nake ji, ba wani abu ba.

Rannan wata abokiyar aikina Balarabiya ta nace sai ta sayi gyaɗa. Na ce a raina, da niƙabi a fuskata wa zai gane ni? Wauta! Matar da ta koya mini tafiya?

Gwaggo ta ɗago ta ce, "A'a, 'yar nan, an taso?"

Na juya wajen abokiyata, na ce da Larabci, "Me tsohuwar nan take cewa?"

Gwaggo ta dube ni tun daga sama har takalmi. Ta ƙulla gyaɗar, ta miƙo mini da hannu biyu. "Tafaddali, ya madam." Wato bismillah, da Larabci, kamar yadda take ce wa baƙi.

Ranar Juma'a na je gida, na durƙusa na gaishe ta. Ta amsa da gurgun Larabcin nan nata na kasuwa. Na ɗauka fushin mako ɗaya ne. Ina! Kowa Hausa take yi masa, har kyanwar gidan, ban da ni. Na yi kuka, na yi masifa, na ce mata wallahi wannan mugunta ce. Ta ce, "Ma'alesh, ya madam," wato sai haƙuri. Haka muka yi shekaru.

Da ciwonta ya tsananta, na zauna bakin gadonta na riƙe hannunta. Na ce, "Gwaggo, don Allah ki yafe mini."

Ta zare hannun a hankali. Ta juya wajen yayata da ke jinyarta, ta ce da Hausa, "Ke, ba ku ba baƙuwar nan gahawa ba? Ku ba ta ta sha ta tafi."