Jan Ganye a Lambun Ruwais

Shekarar da autana ya samu gurbin karatu a ƙasar Turawa, wata biyu ya yi yana neman in ce masa je ka, ni kuwa na ƙi. Takardunsa sun kammala, bakina kawai ake jira. Ban ga abin da zai kai yaron da aka haifa a Jidda garin da ko kiran salla ba a ji ba.

Da zafi ya ɗan karye, wata la'asar ya ce in zo ya kai ni sabon lambun da aka yi wajen Ruwais, in ga ganye. Na tambaye shi na miya ne ko na magani, ya ce na kallo ne. Na ɗauki butata na bi shi, don in ga ƙarshen wannan wauta.

Hanyar a share take, ba hawa ba gangara, iskar teku na kaɗawa. Ya rage sauri daidai da ƙafata, na lura. Can ya tsaya gindin wata bishiya da Larabawa ke kira lauz, ganyenta ya yi jawur, wani ruwan ɗorawa, rabi ya zube ƙasa. Ya ce a can ƙasar Turawa gari guda haka yake komawa in kaka ta yi, har mutane su fito da 'ya'yansu kallo.

Ni da na shekara talatin ina raya tukunyar na'ana'a da ruwan da mai jaki ke kawowa, na san ma'anar jan ganye. Ƙishirwa ce. Na kira mai kula da lambun, wani dattijo ɗan Yaman, na wanke shi tas da Larabcina na kasuwa, na ce ya ji tsoron Allah. Sannan na juye ruwan butata a gindinta.

Dattijon ya bari na gama, ya ce, "Ya Hajiya, da safen nan na ba ta ruwa. Haka take yi duk shekara, ta zubar ta sake sabo."

Wasu mata a kan benci suka rufe baki da mayafi. Na saci kallon yarona, ina jira ya yi dariya. Bai yi ba. Ya dubi mutumin ya ce ai Inna ta fi shi sanin shuka, ƙarin ruwa kuma bai taɓa kashe bishiya ba. Ƙarya yake yi, mu duka mun sani.

A hanyar gida na ce har yanzu ban ga hankalin mutanen da ke fita kallon shara ba. Ya ce haka ne, Inna.

"Halas, shi ke nan," na ce, "je ka. Amma in ka dawo kana ce mini busasshen ganye kwalliya ne, tsintsiya zan miƙa maka."