Abla Baraka, Mai Farawa da Ƙafa

Kullum hantsi bai yi ba Abla Baraka, wato Malama Baraka, ta bar unguwar Zahir zuwa kwalejin koyon jinya inda take koyarwa, da jakarta da butar shayin da ba ta tayin kowa. Bana za ta yi ritaya. Ni da ko allura ba na iya kallo, ni aka bar wa yabonta.

Manhajar da ta tarar an tsara ta ne tun Hajji na faɗowa cikin sanyi. Hajji ya koma tsakiyar zafi, masu ciwon suga suka yawaita cikin alhazai, manhaja tana nan inda take. Dattijo zai fito daga Harami ya rasa takalmansa, ya taka kwalta ba takalmi har masauki. Suga ya kashe masa jin ƙafa, sai ya ƙone bai sani ba, ƙarshenta a yanke.

Ta nemi a ƙara darasi a kan haka. Kwamiti ya ce babu gurbi. Ba ta yi musu ba. Sai ta riƙa fitar da ɗalibanta unguwar Aziziyya da azahar, kowa ya ɗora tafin hannu a kwalta.

"Ya Abla, haram alaiki, ki tausaya mana!" in ji wata ɗaliba.

"Ke hannu kika sa, kin janye. Shi dattijon fa?"

A wani Hajjin, ɗalibarta Hadil tana aiki a Mina, wani tsoho Bamaraɗe ya zo neman maganin tari. Ta ce ya ɗaga ƙafa.

"'Yar nan, da ƙirji nake tari, ba da ƙafa ba."

"Yalla ya Baba, ɗaga dai."

Tafin ya saluɓe, tsakuwa ta nutse ciki, shi ko a jikinsa. Aka wanke, aka ɗaure. Da ƙafafunsa biyu ya hau jirgi, yana mitar ba a kula da tarinsa ba.

Abla, ke ce kika sunkuyar da masu farar riga har ƙasa. Ba ki da fara'a, wannan kowa ya shaida, amma sannu da aiki, Allah ya saka.

Bana kwamiti ya samo gurbin, daidai lokacin da za ki tafi. Masu koyarwa da kuka rage, darasin yanzu yana cikin manhaja. Kada ku koyar da shi a ƙarƙashin na'urar sanyi.