Maraƙar da Cikinta Bai Nuna Ba

Saniya ɗaya gare ni, fara, wadda babana ya ba ni da aka kawo ni aure Batsari daga Tsaskiya. Ta tsufa, kowa ya san cikin da take ɗauke da shi shi ne na ƙarshe. In ta haifi mace na sami iri, in babu shi ke nan.

Zamanin Turawa ne, lokacin jangali. Da aka ji masu ƙidayar shanu sun taso, maigidana da ƙannensa suka kora shanun gidan da gudu zuwa dajin wajen Safana don a ɓoye su. Na ce a bar mini tawa. Ina! Wa ya saurare ni? Can ta haihu, lokacinta bai yi ba.

A kafaɗa aka kawo mini maraƙar, uwar na biye. Mace ce kuwa. Komai nata ya fito, gashi, kunne, har gashin ido, sai dai kofato taushi kamar tuwo. Na tatsi dakashi, nonon farko, ina ɗiga mata da yatsa. Tana haɗiya, amma yadda ya shiga haka yake fita. Numfashi ma da ƙyar.

Surukata ta leƙo ta ce, "Ke 'yar nan, bar wahalar da kanki. Waje ya gama, ciki bai nuna ba." Wallahi haushinta na ji. Sai da na manyanta wani malamin dabbobi ya yi mini bayani: dab da haihuwa wani sinadari ke tasowa a jinin ɗan tayi, shi ke sa hanji da hanta da huhu su haɗa kayan aikinsu. Kafin ya taso, duk nonon da ka ba shi ba abin da zai narkar da shi.

Da hantsi maraƙar ta mutu. Uwar ta riƙe nono, hantsa ta kumbura, ta ƙi kowa ya taɓa ta. Wani Bafulatani maƙwabcinmu ya feɗe maraƙar, ya cusa ciyawa a fatar, ya ɗinke, ya yayyafa gishiri, ya ajiye a gaban uwar. Ta shinshina, ta fara lasa, nono ya sauko.

Haka muka yi har nononta ya ƙafe. Kullum da safe ni ke ɗauko fatar daga gindin rumbu in kai mata. Ita tana lasar 'yarta, ni ina cika ƙwarya, kaina a sunkuye.