Yadda Baba Magini Ya Yi wa Shinkafa Filasta

Shekara arba'in Baba Magini ya yi yana gardama da matarsa bai ci ko sau ɗaya ba, amma kayen da har yau ake dariyarsa a layinsu shi ne na shinkafa. Ta kwana a tukunya ta kuma wuni, ga gari da zafi. Matar ta ɗauko za ta zubar, ya tare ƙofar kicin.

"Ajiye min abata. Hancin nan daga bakin titi yake gane simintin da ya sha ruwa, shinkafa ce za ta ruɗe shi?"

Ya sunsuna, ya ce lafiyarta lau. Aka ɗumama masa har tana tururi, ya cinye tas, ya lashe cokali. Ba a yi awa uku ba ya faɗa banɗaki da gudun da rabonsa da shi tun yana saurayi. Ita kuwa ta jawo kujera bakin ƙofar, ta zauna tana tsince wake.

"Maigida, yaya hancin? Akwai fa saura a tukunya, in miƙo?"

Da Allah ya karɓi ranta, ta bar shi a gidan da ya gina da hannunsa: ɗaki biyu, tsakar gida kamar tafin hannu, da kicin mai karkatacciyar ƙofa, wadda har gobe yake cewa laifin kafinta ne. Shinkafa kaɗai ya iya dafawa, kuma awon kwaɓin siminti yake mata, tukunya ɗaya kwana uku. In ya ci ya ƙoshi sai ya lulluɓe sauran da bargo, wai kada ta sha iska.

Bargon ne ya kai shi asibitin da autarsa take aikin jinya. Leda biyu ta ƙarin ruwa ya sha. Da aka sallame shi Auta ta sayo firji, ta zaunar da ubanta kamar ɗan makaranta.

"Baba, akwai ƙwayar cutar da girki ba ya kashewa. In shinkafa ta jima da ɗumi a waje sai ta farka ta hayayyafa, ta bar guba a ciki. Gubar ba ta wari, ɗumame kuma ba ya kashe ta."

"Wuta ba ta cin sa, hanci ba ya jin sa, ido ba ya ganin sa. Ke, aljani kike nufi?"

"Ka kira shi yadda ka so. Kada ta wuce awa ɗaya ba ta shiga firji ba. Washegari ka cinye. Ɗumame sau ɗaya tak, har ta yi tururi ciki da waje. In ka sake kwanciya, wallahi kwaɗo zan sa wa gidan nan, ka koma wurina."

Wurinta kuwa hawa na huɗu ne. Babu tsakar gida, in ka leƙa taga sai tankin ruwan maƙwabta, ginin ma shi a ganinsa tari mai ƙarfi ya isa ya kawo shi ƙasa.

Ya ɗauki karatun da gaske. Sai ga mai haɗa firjin, ya gama aikinsa yana goge hannu ya ce, "Baba, tukunya mai zafi kada ta kuskura ta shiga nan. Sai ta huce sarai, in ba haka ba ka ɗumama duk abin da ke ciki, injin kuma ya jigata." Baba Magini ya gwada. Tukunyarsa, uwar tukwane, awa huɗu take ɗauka kafin ta huce. Ya kira yayarsa a waya don ta raba gardama, ta ƙara masa doka ta uku.

"Mu da muka tashi babu firji mutuwa muka yi? Ɗumama safe da yamma, ɗan nan, ka rabu da yaran zamani."

Ɗan nan, mai shekara saba'in da biyu.

Ku zo ku ga mutumin da ya ɗora wa rabin unguwa rufi, tsaye tsakanin murhu da firji, riƙe da tukunya da tsumma, ya rasa gabas. Ya ajiye, Auta ta faɗo masa a rai, ya ɗauka. Ya nufi firji, ya tuna mai haɗa firjin, ya juyo. Rannan ya sa ta ciki ya bar ƙofar a buɗe, wai ya raba musu gaskiya biyu, ƙanƙara ta narke ta jiƙa masa takalmi. Mako guda duk abin da ya rage zubarwa yake, daga baya ma ya daina girkin, ya koma shayi da burodi har wando ya fara zamewa.

Wata rana ya sake gwadawa, ya kafa wa tukunyar fanka. Sama ta yi sanyi. Ya luma yatsa tsakiya, ya zaro da ihu. Yana hura yatsan ya tsaya cak. Ai ya san wannan halin! Katanga mai kauri bayanta ya bushe, cikinta ɗanye. Filasta kuwa, in ka shafa ta siririya, kafin ka sha ruwa ka dawo ta kama jikinta.

Ya je kasuwa ya sayo sabon cokalin gini da faffaɗan tire, ya wanke su da sabulu. Ya juye shinkafar, ya shafe ta kaurin yatsa, sumul, har yana karkata kai yana duba ko ta yi tudu. Minti ashirin ta huce. Ya yanka ta kamar bulo, ya rufe, ya tura firji. Duk da haka bai saki jiki ba, yana jiran wani ya ɓullo da doka ta huɗu.

Washegari da rana sai ga Auta daga wurin aiki, da jaka biyu babu komai a ciki. Gwaggonta ta kai mata labari cewa uban ya rame. Yunwa ta kwaso, ta tarar yana sauke shinkafa tana ta tururi. Suka ci faranti ɗaiɗai, ita ta ƙara, har tana cewa ashe Baba ya iya girki. Sai da ta buɗe firji neman ruwa ta ga tire, ga gurbin bulo huɗu, ga cokalin gini a kwandon kwanuka.

"Baba! Ta jiya ka ba ni? Da cokalin siminti?"

"Sabo ne, bai taɓa ganin yashi ba. Ta shiga kafin awa ɗaya, ba ta shiga da zafi ba, ɗumame ɗaya. Wace doka na taka?"

Ta sake duba tiren. "Ni dai ban taɓa ganin haka ba. Yau filasta, gobe wa ya sani? Haɗa kayanka kawai, hankalina ba zai kwanta ba."

Baba Magini ya jawo kujerar nan ta marigayiya, ya dasa ta a bakin banɗaki, ya nuna wa 'yarsa wata.

"Zauna, Auta. Ni faranti ɗaya na ci, ke biyu. Wanda ya riga shiga ƙofar nan, shi zai tattara kayansa ya koma gidan ɗan'uwansa."