Matuƙin da Yaya Ya Cire wa Kai

Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya shiga ɗakina da rana tsaka ina wurin aiki, ya ɗaga murfin jirgina ya cire wa matuƙin kai. Ban yafe ba. Duk wanda ya ce mini ai soso ne kawai, daga ranar mun raba kwanon abinci.

Boko a aji biyar na ajiye shi. Gyaran fanka da dutsen guga nake yi a Treichville, ba nisa da tashar jiragen ruwa. Wani Bature mai gyaran injin jirgin ruwa ya saba kawo mini kaya, ran da zai koma ƙasarsu ya bar mini ɗan injin lantarki kamar ƙwan zabo, da batir, da telekomand, wato abin sarrafa shi daga nesa, da wata takarda mai zanen jirgin sama na yaƙi irin na da, mai farfela ɗaya a hanci. Turancin takardar ban gane ba, amma zane ba ya bukatar tafinta.

Da farin soson nan da ake naɗo firij a ciki na gina shi. Wata bakwai ina yanka da reza, ina gogewa da sanfefa, ina liƙa masa takarda da gam. Fukafukansa sun kai kamu biyu da rabi. Na yi masa fenti ruwan toka, na zana masa haƙora a baki, murfin ɗakin matuƙi kuwa da gorar ruwa na yi shi. Ran Lahadi da safe nakan naɗe shi a tsohon zane, in shiga ƙaramar bas ɗin da ake ce wa baka daga unguwarmu Adjamé, karen mota yana ta mita wai na tare wurin mutum biyu, in sauka wani fili a bakin ruwa. Jirgin ba ya da ƙara. Sai dai ka ga inuwa ta gifta ka, sannan ka ji ɗan huci kamar mutum ya ja tsaki. A shekarun nan na bayan rikici mutanen Abidjan ba sa son abu a bisa kansu, mata masu soya kifi sukan duƙe in ya wuce.

Matuƙin na sassaƙa daga baya, don ba kyau jirgi ya tashi ba kowa a ciki. Wallahi ba kowa na nufa ba. Girman kansa kamar lemon tsami. Ina gyara girar hagu reza ta zame ta yi tsaga, na ɗaga shi wajen haske don in ga ɓarnar, sai ga autanmu yana kallona. Tabon nan nasa na gira, da doguwar haɓa, har yadda yake ɗan karkata wuya in ana yi masa faɗa.

Autanmu ya ɓata shekara huɗu kafin nan, lokacin da gari ya rikice. Ya fita da safe zuwa tashar jiragen ruwa, bai dawo ba. Ba gawa, ba jana'iza, ba wanda ya ce ya gan shi. Hotonsa ɗaya tak a duniya, na jikin katin shaidarsa, shi ma yana aljihunsa. Har na fara manta kamanninsa, sai ga shi reza ta dawo mini da shi.

Kan nan kuma aiki yake yi. Na soke shi da wayar keke, wayar ta ratsa ƙasan kujera. In na tura batir daga ciki zuwa hancin jirgi, sai in danna kan da babban yatsa, wayar ta sauka ta tokare batir ɗin kada ya zamo baya. Jirgi duk maganar nauyi ce. In nauyi ya koma wutsiya, ba mai iya masa.

Ɗakina a gidan Yaya yake, a Saint-Michel, kuma Inna tana nan tare da mu. Matar Yaya ce ta fara cewa kan yana juyawa. Ni ina barinsa yana duban gaba, in na dawo da la'asar in tarar yana duban ƙofa. Na ce musu manyan motoci ne ke girgiza bango, kan kuma a waya yake, dole ya motsa. Haka na faɗa. Amma me ya sa kullum ƙofa, bai taɓa juyawa wajen taga ba, wannan ban da amsarsa har yau. Yara suka bar wasa a bakin ɗakina. Inda jirgin yake a rataye ko ƙuda ba ka gani.

Sai Inna ta gan shi. Ba ta yi kuka ba. Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta ce, "Ka rame." Daga nan kullum da hantsi takan shiga, ta ba shi labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu a garinmu. Matar da ta shekara huɗu tana tsakurar abinci ta koma cinye kwanonta. Yaya ya tare ni a bakin famfo ya ce, "Kai, ka shigo mana da gunki gida. Mala'iku ba sa shiga ɗakin da ke da surar mutum." Na ce, "Yaya, 'yar tsanar roba nawa ke rataye a shagon maƙwabcinka, ka taɓa yi masa wa'azi?" Ya share ruwan alwalarsa a fuska ya wuce.

Ran Asabar ya yi abin. Ranar tun da safe na naɗe jirgin a zanen, shi kuma ya mayar da shi kamar yadda na bar shi, don haka ban sani ba sai da na isa fili ran Lahadi. Na tura batir, yatsana ya tafi danna kai kamar kullum, sai ya sauka a kan wuya. Kafaɗu na nan, ɗamarar da na zana tana nan, sama kuwa fari fat, an yanke sumul. Wayar ta tafi tare da kan.

Da ina da hankali da na naɗe kayana na koma. Amma mutane sun taru, kuma zuciya ta rufe mini ido. Na ce batir ɗin ai ya matse, zai zauna. Na cilla jirgin.

Ya tashi lafiya lau har ya kai tsayin bishiyar kwakwa. Sai na ji ƙwas, batir ya zame. Hanci ya ɗaga, jirgin ya miƙe tsaye a kan wutsiya kamar mutum ya tashi daga zaune, ya tsaya cik a iska, ya juyo sannu a hankali har muka ga cikin murfin, kafaɗu ba kai suna fuskantarmu. Wata mata ta yi salati ta zubar da tiren kifinta. Na murɗa sandar telekomand hagu, na murɗa dama, kamar ina yi wa dutse magana. Ya yi ta tangaɗi yana ja da baya har tsakiyar ruwa, sannan ya kwanta a kai ba ko fantsama.

Soso ba ya nutsewa, shi ne abin da ya fi ci mini rai. Yana nan fari-fari a kan baƙin ruwa, ruwa yana tafiya da shi wajen tashar jiragen ruwa, hanyar da yaron nan ya bi. Na roƙi wani mai kwalekwale ya ɗauko mini. Ya ga abin da ya faru da idonsa, ya jajanta mini da yarensu, ya ce, "Yako, ɗan'uwa, amma wannan ba ya shiga jirgina." Na tsaya har ya zama ɗigo tsakanin manyan jirage.

Na sake sassaƙa kai ya fi ashirin. Kowanne ya fito baƙo. Inna ta shiga ɗakin sau ɗaya, ta dubi ƙusar da ba komai, ta ce, "Ya sake fita bai yi mini sallama ba?" Ta koma tsakurar abinci.

Ran Litinin da ta biyo bayan maganar nan ta Inna na sami Yaya a shagonsa na yadi a kasuwar Adjamé, yana auna wa wata mata shadda. Na jira ta tafi. Na ce, "Ba ni kan."

"Babu shi."

"Ka jefa a kwata?"

Ya daɗe yana ninke yadin da ya riga ya ninke. Ya ce, "Na yanki farin ƙyalle na naɗe shi. Na binne."

"A ina?"

"Ba zan faɗa maka ba. Ka bar shi ya kwanta."

Na matsa kusa har ina jin turarensa, na ce, "Yaya, ba gunki ka ji wa tsoro ba. Ran nan kowa ya ce kada a fita, kai ka tashe shi ka ce ya je ya dubo maka kayanka a tashar. Ni ina bakin ƙofa, na ji da kunnena, shekara huɗu ban faɗa wa Inna ba. Fuskarsa ce ba ka iya kallo. Sau biyu ke nan kana raba mu da shi, kuma yau da kanka za ka je ka gaya mata inda ka kai shi."